Gidana A Kan Ruwa Yake

"Ba zan sauko ba, Yaye!"

Daga can ƙololuwar jigon jirgi muryar Siga ta faɗo. Tana rataye da igiya a ƙugu, filaya a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wayar fitilar da ta mutu.

A ƙasa, cikin kwale-kwalen fito, mahaifiyarta Yaye Tening na tsaye ƙyam ta kama ƙugu, mai fito sai roƙonta yake ta zauna kada ta kifar da su.

"Ki sauko na ce! Ni za ki yi wa magana daga sama kamar wata shirwa?"

"Ina jin ki daga nan, Yaye. Duk gaɓar Han ma na jin ki."

"To su ji! Uwar yaron nan ta kira ni daga Kasamas. Matar da ban taɓa gani ba, Siga! Ta ce in ja wa 'yata kunne, wai ɗanta ba zai auri macen da ke kwana a kan ruwa da ƙartin Turawa ba!"

Hannun Siga ya tsaya cak.

Sai ga kan Bajen Ndew, ƙanwar mahaifinta, ya leƙo daga ƙofar ɗakin jirgi, ludayi a hannu.

"Ƙarti? Tening, dube ni da kyau. Ni ce ƙartin? Tun ranar da yarinyar nan ta tare a nan ƙafata ke kan ƙafarta in mun kwanta!"

"Ke ki yi min shiru, Ndew, ke kike ɗaure mata gindi!" Muryar Yaye ta fara rawa. "Jirgin nan ya cinye min miji tun yana da ransa, ba zai cinye min 'ya ba. Ki rufe shi ki dawo Rufisk, ki zauna a ɗaki kamar 'ya'yan mutane..."

"Gidana ne, Yaye."

"Gida? Abin da ke rawa dare da rana?"

"Yana rawa, amma ban taɓa yin abin kunya a cikinsa ba. In na fita yau, na gaskata maganarsu ke nan."

Sai da ta gama ɗaure wayar tsaf sannan ta sulalo. Kafin ƙafarta ta taɓa katako, Yaye ta sa mai fito ya juya, tana share ido da gefen mayafi.

Simal sunan jirgin, fari ne mai tafiya da iska, da ɗakuna biyu da ɗan wurin girki. Mahaifinta Pa Jegan makanikin jiragen baƙi ne a wannan gaɓa ta Han da ke Dakar. Wani tsohon Bature ya gaji da teku ya bar masa gangar jirgin rabi a ruɓe, shi kuwa ya kwashe shekaru yana gyara, Siga na miƙa masa ƙusa tun ba ta iya ɗaura zani ba. Sunan ƙauyensu na Salum ya sa masa. Da ciwo ya ɗauke shi dangi suka ce a sayar, ita kuwa ta tattara kayanta ta tare a ciki, Bajen Ndew ta naɗe tabarmarta ta biyo ta. Da rani sukan kai iyalai masu yawon buɗe ido cikin rafukan Salum, da damina su lafe.

Bayan la'asar saurayinta Landing ya iso, da filafilin da ya ɗinke mata a naɗe bisa kafaɗa. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ɗan ƙabilar Jola daga wani tsibiri a bakin kogin Kasamas. A gindin bishiyar da ke bayan kulob ɗin masu jirage yake ɗinkin filafilai, a nan suka fara haɗuwa, da faɗa ma kuwa, don ta ce ɗinkinsa ya karkace.

"Kyaftin ɗina..."

"Kada ka kira ni da wannan sunan yau."

Ya ajiye kayan a hankali. "Kin ji ke nan."

"Wa ya kai wa mahaifiyarka wannan magana?"

"Wallahi ban sani ba, sanyin idona. Na yi rantsuwa har na gaji. Amma ta sassauto. Ta ce ranar Lahadi bikin ƙanwata, in da gaske kike ki zo ta gan ki da idonta. Mu hau mota gobe, ta Gambiya..."

"Mota?"

"Ko babban jirgin fasinja, in an samu wuri."

"In bar Simal a nan, in sa doguwar riga in je in durƙusa, kamar wadda ke ɓoye wani abu?" Ta girgiza kai. "Gidana aka zaga, Landing. Gidana za ta gani."

Ya daɗe yana kallonta, sannan wushiryar ta bayyana.

"Wannan taurin kan ne ya kama ni tun farko. To mu tafi da shi! Mu tashi gobe mu miƙe kai tsaye, kafin Lahadi mun isa."

Ta sauka ɗaki ta ɗauko taswira ta shimfiɗa, ta danne gefenta da kofin shayi.

"Dubi nan. Gobe akwai iska mai daɗi, da asuba mu tashi, kafin magariba mun shiga Salum mun fake a bayan Jifer. Jibi hadari zai taso daga gabas, babba ne, tun jiya nake bin sa. A bayansa teku za ta kumbura daga kudu. In mun miƙe kai tsaye, daidai lokacin za mu isa bakin Kasamas, ka kuwa fi ni sanin abin da mashigar nan take yi in ta fusata."

"To yaushe za mu isa?"

"In ya wuce mu gangara Banjul, mu kwana, mu ƙarasa."

"Yaushe, Siga?"

"Bayan biki."

Ya miƙe tsaye. "Bayan biki! Ta ce Lahadi!"

"Ita ta ce Lahadi, sararin sama bai ce ba."

"Masu hasashen nan sau nawa suna faɗa abu bai faru ba?"

"Sau da yawa. Amma ba zan sa ran Bajen da naka a caca don in burge kowa ba, ko da mahaifiyarka ce."

Da yamma suka fito gaɓa, kowa ya ɗaure fuska. A rumfar cin abinci ta kulob masu jirage sun taru gaban allon da ake manna hasashen yanayi, wasu na jayayya, wasu na cin shinkafa da kifi. Coro ce ke zuba abinci, 'yar mai rumfar, ƙawar ƙanwar Landing. Kowa a gaɓar ya san kan kifi mafi girma a farantin wa take sa shi.

"Landing, na ji an ce ba za ka ga bikin ƙanwarka ba," ta faɗa da ƙarfi, tana karkaɗa awarwaro. "Ai ni za ni. Yayana Pate zai kai jirginsa Kasamas jibi, inji biyu ne, mu karya a Dakar mu ci abincin rana a ƙauyenku. Akwai wuri."

"Jibi akwai hadari," in ji Siga.

"Hadari sai yamma, 'yar'uwa, mu kuwa ba kunkuru muke hawa ba." Coro ta yi dariya ta juya wajen mazan. "Ni dai na san in mace na son ganin uwar miji, ko sama za ta faɗo sai ta je. In kuwa akwai abin da take tsoron a gani... ai sai a laƙa wa gajimare."

Wani ya yi tari. Wani ya ce, "Kai, Coro!"

"Ƙarya na yi? Namiji har namiji, sai an duba masa taswira kafin ya gaida uwarsa?"

Aka kwashe da dariya.

Siga ba ta dubi Coro ba, Landing take kallo. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa.

Ya sunkuyar da kai, jijiyar wuyansa na harbawa.

"Siga... ko dai ba kya son zuwa ne?"

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Ni kake tambaya haka? A gaban mutane?"

"Ƙanwata ce tilo. Dole in je."

"To ka je. Amma ka hau mota, Landing, don girman Allah kada ka bi teku jibi."

"Ko wannan ma ke za ki zaɓa min?"

Ta ɗaga kai, idonta ya cika amma ba ta bari ya zubo ba.

"Da asuba zan ɗaga anka. Da kai ko ba kai, Simal zai je Kasamas, kuma a ranar da ni na ga dama."

Bai zo ba.

Ta jira har gari ya fara haske, sannan ta ja anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, da hannunta. Iska ta cika filafilai, Simal ya kwanta gefe kaɗan ya kama hanya, Dakar na ƙanƙancewa a bayansu. Duk inda ta ɗaga ido ɗinkin Landing take gani a jikin farin ƙyallen, layi bayan layi.

"Ki yi kukanki, ba mai ganin ki sai ni da kifaye," in ji Bajen Ndew, tana gyaran kuɓewa.

"Ba kuka nake ba. Gishiri ne."

"Ai na sani. Gishirin nan ya dame ni nima lokacin da mijina ke da rai."

Kafin magariba sun wuce tsinin Sangomar, sun shiga ruwa mai kwanciya a bayan Jifer. Siga ta saki anka ta ƙara sarƙa, ta ɗaure duk abin da iska za ta iya ɗauka.

Washegari gari ya waye da wani irin zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Masunta ba su fita ba, sun ja kwale-kwalensu can kan tudu. Hadarin da aka ce sai yamma, tun kafin azahar ya haɗo, baƙi ƙirin daga gabas, ƙasansa ja kamar garwashi.

Iskar farko da ta bugo sai da Simal ya yi ƙara. Ruwa ya kece, gaɓa ta ɓace.

Suna zaune a ɗaki, Bajen na jan carbi, sai rediyon jirgi ya yi ƙarar tsatsa.

"Simal... Simal... Siga, kina ji na?"

Ba ta san lokacin da ta kai hannu ba.

"Landing! Kana ina?"

"Muna wajen Sangomar... ruwa ya shiga mai, injin duka biyu sun mutu... igiyar ruwa na shigo mana ta gefe!"

"Ba wa Pate rediyon ya karanto min inda kuke. Ku sa rigunan ruwa, dukanku! Ku haɗa bokiti da duk wani abu mai nauyi, ku ɗaure da doguwar igiya ku jefa ta gaba, jirgin ya fuskanci ruwa. Ku yi ta kwarfewa, kada ku tsaya!"

Pate ya karanto da murya mai rawa. Da alama kuma yatsansa ya ƙage a kan maɓallin magana, don bayan ya gama rediyon bai yi shiru ba. Ihun iska ne, da kukan Coro a bayansa.

"Wayyo Allah na tuba! Ya Allah kada ka kashe ni da wannan... ni na kira Mama Jonsaba, uwar Landing! Ni na ce Siga na kwana da Turawa, ƙarya na yi, ban taɓa gani ba! Na tuba, na tuba..."

Bajen Ndew ta ajiye carbi.

"Ƙaro min muryar nan."

"Bajen!"

"Ai ba mu kaɗai ke ji ba, 'yata. Duk mai rediyo daga nan har Banjul ya sha labari."

Siga ba ta yi dariya ba. Ta leƙa taga, ba a ganin komai sai farin ruwa. Bajen ta dube ta, fuskarta ta canza.

"To me kike jira? Ba za mu je ba?"

"Ba yanzu ba."

"Siga, yaron nan..."

"In na fita cikin wannan, jirgi biyu za a nema!" Muryarta ta tsage. "Yanzu iska waje take tura su, can babu abin da za su buga. In ta faɗi, kumburin teku zai maido su kan tudun yashi. Tsakanin biyun nan ne lokacina. Sai na jira."

Ba ta taɓa yin abu mai wuya kamar wannan jiran ba. Ta fita cikin ruwan ta ƙanƙance filafili, ta shirya igiyar ja, ta duba inji, hawaye da ruwan sama na haɗuwa a bakinta. Ta dawo ta riƙe rediyo da hannu biyu.

"Landing, yi min magana."

"Ina nan... Siga, kada ki fito. Kin ji? Ni na jawo wa kaina. Ki rantse ba za ki fito ba!"

"Ba kai za ka gaya min lokacin fita ba, ba kuma kai za ka hana ni ba. Ci gaba da kwarfe ruwa!"

Da kukan iska ya sauya, ta ji shi a jikinta tun kafin kunnenta ya ji. Ta tada inji.

"Bajen, sa rigar ruwa, ki ɗaure kanki."

A mashiga teku ta tarbe su da duwatsun ruwa masu launin toka. Simal ya hau, ya faɗa, ya sake hawa, tukwane na kokawa a ɗaki. Siga ta kafa ƙafafu ta rungumi sitiyari. Can ta hango su, ɗan jirgin Pate na tangaɗi, a bayansa kuma ba nisa farin kumfa na tashi inda ruwa ke fashewa a kan yashi.

Ta zagayo ta saman iska, ta matso har tana ganin idon Landing.

"Kama!"

Igiyar ta faɗa ruwa, ba ta kai ba.

Ta sake zagayowa, kumfar nan ta ƙara kusa har ana jin rurinta. Wannan karon Bajen ta riƙe sitiyari tana salati da ƙarfi, Siga ta tattara duk ƙarfinta ta wurga. Landing ya miƙo rabin jikinsa waje ya cafke. Igiyar ta zarce cikin tafinsa tana cin fata, bai saki ba har ya naɗa ta a ƙarfe.

"Ya kama! Ja, 'yar Jegan, ja!"

A hankali, kamar mai jan saniyar da ta ƙi tafiya, Simal ya fizge su daga bakin yashi.

La'asar sakaliya suka shiga Jifer, masunta sun cika gaɓa suna tafi. Coro ta hau Simal da rarrafe, ta yi amai har ba abin da ya rage, gashin da ta saka don biki ya tafi da ruwa. Siga ta ɗauko busasshen zani ta yafa mata.

"Siga, ni..."

"Sha ruwan zafi tukuna. In kin gama, ga waya. Bakin da ya ɗaura shi zai kwance."

A gaban Bajen Ndew Coro ta kira Mama Jonsaba ta faɗi komai tana shessheƙa. Da safe ta hau motar Dakar, ta rantse ita da teku sai dai kallo.

Landing kuwa yana zaune a bayan jirgi, ya miƙa tafukansa biyu Siga na wanke su da ruwan ɗumi. Fatar ta saluɓe, hannun da yake riƙe allura da shi.

"Ki yafe min, rabin raina."

"Ban yafe ba tukuna. Buɗe hannun."

"Na ji kunya ne a gaban maza..."

"Ni kuma fa? Tafiyarka ba ta yi min ciwo ba, Landing, ƙanwarka ce. Shirun da ka yi ne. Ta zage ni a gabanka, ka sunkuyar da kai, da ka ɗago kuma ni ka tuhuma."

"Na sani."

"Ba zan bar jirgin nan ba. Ba zan fita ranar da na ga bai kamata ba, ko wa ya kira ni. In kana son mace mai cewa to, ga su can cike da gari, tun yanzu ka faɗa min."

"Da mai cewa to ce ke, da yanzu kifi na cin mu." Ya ɗago ido jajur. "Lokacin da ruwa ke rufe mu ba mutuwar nake tsoro ba, wallahi. Tsorona in tafi kina fushi da ni."

Ta ɗaure bandejin da ɗan ƙarfi har ya yi ƙara.

"Wayyo! Kyaftin!"

"Wannan na rumfar Coro ne." Ta sassauta, ta riƙe yatsunsa kaɗan kafin ta saki. "Je ka nemi wurin kwana a gari. Sai teku ta kwanta za mu tashi."

Ranar Lahadi a Jifer ta same su, teku na ta haukanta a waje. Landing ya yi wa ƙanwarsa murna ta waya, ya koma gefe ya zauna, Siga ta kai masa shayi. Da ruwa ya lafa suka gangara Banjul suka kwana, sannan wata safiya mai haske suka bi cikar ruwa suka ratsa mashigar Kasamas lami lafiya.

Rabin tsibirin na bakin ruwa. A gaba wata gajeruwar mace ce mai damatsan manoman shinkafa, ta harɗe hannu a ƙirji. Ko ba a faɗa ba Siga ta san Mama Jonsaba ce.

Landing ya durƙusa, ko kallonsa ba ta yi ba.

"An gama biki," ta ce. "Na ce Lahadi."

Sai Bajen Ndew ta tako cikin ruwa tana tattare zani.

"Ke Bajola! Haka ake tarbar iyayengiji a garin nan? Ina kujerata? Ina abincina?"

Tsakanin Serer, ƙabilar su Siga, da Jola wasa ne tun kaka da kakanni, ba a isa a yi fushi ba. Bakin Mama Jonsaba ya motsa, ta yi ƙoƙarin danne shi.

"Wa ya kwance min wannan baiwar? Ku ɓoye rumbuna, jama'a, Serer sun shigo gari!"

"Rumbun me? Shinkafar da ba ta kai cikin cokali ba?"

Dariya ta ɓarke, har tsofaffi na riƙe ciki. Mama Jonsaba ta juyo kan Siga.

"Ke ce mai jirgin?"

Siga ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, sannan ta miƙe ta dubi idonta.

"Ni ce, Mama. Ban zo roƙo ba. An gaya miki magana a kan gidana, na kawo miki shi ki gani."

Tsohuwar ta shiga kwale-kwale da kanta. Ta hau Simal ta leƙa ko'ina. Ta ga gadajen nan biyu, da dardumar salla a naɗe, da tukunyar da na'ana'a ke tsiro a ciki. Ta goga yatsa a gindin tukunyar girki ta duba. Ta bubbuga katako.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Mahaifina."

"Ya iya." Ta zauna. "Yarinyar can ta kira ni, na ji. Masunta ma sun kawo labarin abin da kika yi a Sangomar. Ɗana na hannunki, na gode. Amma jikokina fa? A ina za su yi rarrafe?"

"A nan, Mama. Kafin su iya tafiya sun iya iyo."

"In na ce sai kin bar shi?"

Siga ta dubi idon tsohuwar.

"Sai in yi miki sallama da ladabi, in jira ruwa ya cika, in juya. Zan yi kuka har Dakar... amma zan juya."

"Da ni a ciki," in ji Landing daga ƙofa.

"Wa ya tambaye ka? Kai da aka jawo da igiya kamar ɗan akuya!"

Mama Jonsaba ta daɗe tana kallon yarinyar. Can ta sauke numfashi.

"Ni ma da aka ce in bar gonar ubana in bi miji birni, cewa na yi sai dai shi ya zo. Ga shi can ya tsufa a nan." Ta nuna wani rafi da ya kewaya bayan gidaje. "Ruwan can ko guguwa ba ta taɓa shi. Duk damina a can za ki ajiye wannan gidan naki, ki fito ki taya ni dashen shinkafa. Da rani ku tafi inda kuka ga dama."

"Na yarda, Mama."

"Ba ki ma yi gardama ba?"

"Tun da muka shigo nake kallon rafin."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Yaye Tening ta zo a mota tana mitar hanya tun daga Rufisk, amma ita ta fi kowa rawa, ita ta fi kowa kuka. Da yamma ta yi aka tsaya cirko-cirko, don ba a san inda za a kai amarya ba, tunda jirgin ne ɗakinta, tana cikinsa tun safe.

Mama Jonsaba ce ta raba gardama.

"Ku kawo min mayafi."

Har yau ana ba da labarin a tsibirin. Kwale-kwale bayan kwale-kwale cike da mata, ana kiɗa ana guɗa, a tsakiya ga Landing zaune an lulluɓe shi ruf, ƙawayen ƙanwarsa na yi masa waƙar kada ya yi kuka, gidan aure sai haƙuri. Bajen Ndew, wadda ta riga ta kwashe tabarmarta zuwa gidan Mama Jonsaba, ita ce a gaba tana yi masa nasiha ya bi matarsa sau da ƙafa.

Siga na tsaye a bakin jirgi cikin farin leshi, lalle har gwiwar hannu, tana dariya tana share hawaye.

"Wa kuka kawo min?"

"Amana muka kawo! Ki riƙe shi da kyau, ba ya son yaji da yawa!"

Aka tura shi ya hau. Ya ɗaga gefen mayafin ya leƙo, wushiryar nan a waje.

"Sannu da gida, maigida."

Ta miƙa masa hannu ta jawo shi.

"Cire takalmi, masoyina. Ɗazu na wanke katakon."